Jakar ruwan zafi mai caji: ta tashe ni sallar asuba, ta kuma bar mini tabo

Shekara 6 ke nan da likita ya tabbatar mini ina da lupus, cutar nan da garkuwar jiki ke juyowa tana yaƙar jikin da ya kamata ta tsare. Bayan shekara 2 aka ce ga fibromyalgia kuma a kai, wato lalurar da ke sa ciwo a ko'ina a jiki da yawan gajiya. Wanda bai sani ba ganina zai yi garau, har a ce mini "Masha Allah, kin murmure", alhali kumburin maganin prednisolone da nake sha ne ya cika mini kumatu.

Hunturu shi ne lokacin wuyata. Yatsuna su yi fari su daskare, kafaɗa da ƙugu kuwa kamar an kwana ana jibgata da muciya. Ƙanwata ce ta ga jakar nan wajen wata mai talla a WhatsApp, ta ce, "Yaya, ki gwada, in ba ta yi ba ni zan biya." Irin mai gashi-gashin nan ce, da aljihun zura hannu, ana jona ta a wuta minti kaɗan ruwan cikinta ya ɗau zafi.

Daren farko ba zan manta da shi ba. Wajen ƙarfe 4 ciwo ya tashe ni, na jawo ta daga ƙarƙashin bargo, da sauran ɗuminta. Na zura hannuwana ciki, daga baya na ɗora ta a bayan wuya. Da aka kira sallah na miƙe da kaina, na murɗa famfo da yatsuna, na yi alwala ba tare da na tashi maigida ya kama ni ba. Kwana 9 rabona da yin asuba a tsaye. Wallahi sai da na yi hawaye a kan sallaya. Mai lafiya ba zai gane abin kuka a murɗa famfo ba, amma 'yan'uwana masu wannan lalura sun gane.

To, a sati na uku ne abin ya faru. Mai tallar ta rubuta cewa ana kwana da ita har gari ya waye, ni kuma na yarda. Na sha amitriptyline ɗina na dare, wanda duk mai shansa ya san nauyin barcin da yake sawa, na manna jakar a cinya ba komai tsakani. Da safe sai ga bororo, faɗinsa ya kusa tafin hannun yaro. Ban ji komai ba sam. Likitata ta yi mini faɗa sosai, ta ce wanda ya daɗe a kan prednisolone fatarsa sirancewa take yi, ciwo kuma ba ya saurin warkewa, ga tsoron ƙwayoyin cuta tunda magungunanmu na rage ƙarfin garkuwa. Kusan wata guda ina zaryar wankin ciwo.

Da na tura wa matar hoton, amsarta ita ce, "Hajiya, ai kowa ya san ba a manna ta a fata." Kowa wa? Takardar cikin kwalin ba Hausa ba Turanci. Wannan maganar ta fi mini ƙunar ciwo, har yau in na tuna raina ɓaci yake. Ga igiyar cajin ma ko wata 2 ba ta yi ba ta mutu, sai da na nemo wata a Sabon Gari.

Kuma kada wata ta ɗauka maganin kowane ciwo ce. Ranar da lupus ya motsa, gwiwata ta kumbura tana zafi, na ɗora ta, abin ya ƙaru. Tsumma mai sanyi ne ya taimaka. Ɗuminta na ciwon tsoka ne da ƙagewar safiya. Hydroxychloroquine ɗina kuwa, wato maganin lupus ɗin, ban taɓa tsallake shi saboda ita ba.

Na yi fushi na jefa ta saman durowa, amma sanyin Janairu ya sa na sauko da ita. Yanzu a tawul nake naɗe ta, ba na taɓa ta in tana jone da wuta, kuma kafin in sha maganin dare 'yata take zuwa ta karɓe ta, ta ajiye a kan kujera inda hannuna zai kai da asuba.