Akwati mai makulli uku a wani ƙauyen Wales

Na je karɓar maganin hawan jini a kantin maganin ƙauyen da nake zaune a kudancin Wales, wani yanki na Birtaniya, na zaro kati zan biya, sai matar da ke wurin ta ce in mayar da abina aljihu, domin tun 2007 aka daina biyan kuɗin maganin da likita ya rubuta a Wales. Da na ba maƙwabcina labari, wani dattijo da ya yi aikin haƙar kwal, bai ce komai ba sai da ya kai ni zauren taron ƙauyen, ya nuna mini wata tuta da ta koɗe da wani akwatin katako mai makulli uku.

Akwatin na ƙungiyar taimakon juna ne, irin waɗanda suka cika ƙauyukan nan a ƙarni na 19. Akwai Oddfellows da suka samo asali daga Manchester a 1810, da Foresters na 1834, da Ivorites da aka kafa a Wrexham a 1836, waɗanda suke gudanar da taronsu da harshensu na gado, wato Welsh. Yawancinsu a wani ɗaki na mashaya suke zama, in ban da Rechabites na 1835 da suka haramta wa kansu giya, su ne kuwa suka fi kwanta mini a rai. Kowane mamba yana zuba 'yan kwabbansa duk wata. Idan ciwo ya kwantar da shi ko dutse ya faɗo masa a rami, za a riƙa ba shi kuɗi duk mako, likitan ƙungiya ya duba shi, in kuma ya rasu a biya kuɗin binne shi, don babu abin kunya a wurinsu kamar a ce hukuma ce ta binne mutum saboda talauci.

Makullan nan uku su suka tsaya mini a zuciya. Kowanne yana hannun mutum daban, saboda haka ba a buɗe akwatin sai ukun sun hallara, kuma duk abin da ya shiga ko ya fita sai an rubuta shi a littafi. Akwai tara ga wanda ya yi ashar ko ya zo taro a buge, akwai kuma masu zuwa dubiya waɗanda suke lura ko mai karɓar kuɗin jinya yana fita aiki a ɓoye.

A 1911 dokar inshora ta Lloyd George, ministan kuɗin Birtaniya na lokacin, ta shigar da ƙungiyoyin cikin tsarin gwamnati. A 1948 ministan lafiya Aneurin Bevan, ɗan garin Tredegar wanda ya taso yana ganin yadda ƙungiyar jinya ta garinsu ke aiki, ya kafa tsarin lafiya na ƙasa baki ɗaya, daga nan rassan ƙauyuka suka yi ta mutuwa. Yau in kana son ganin likita sai ka riƙe waya tun ƙarfe takwas na safe, wani lokaci a ce maka gurbi ya cika. Na yi jinya a nan ba wanda ya leƙo, har na riƙa tuna yadda 'yan dubiya suke cika ɗaki a gida, kowa da kwanon kununsa.

To amma 'yan uwa, mu ma muna da adashi da ƙungiyoyin unguwa, sai dai anko da kayan ɗaki suke cinye kuɗin. Ma'aji shi kaɗai ke riƙe da kuɗi da littafi, in ma akwai littafin, wanda ya nemi a karanta lissafi kuwa a ce ba shi da kunya, yana zargin dattijo. Ranar da ciwo ya kama mamba kuma, sai a ɗauki hotonsa a gadon asibiti a watsa a WhatsApp tare da lambar asusu.