Ƙungiyar masu ɗaukar hoto da nake zuwa a Damagaram

Wata 7 ke nan da shigata wata ƙungiyar masu sha'awar hoto da ke haɗuwa a Zango duk Lahadi. Da salula kawai na je, ina jin kunya, amma babu wanda ya raina ni.

Abin da ya fi amfanata shi ne zaman duba hotuna. Na nuna hoton ƙofar fadar Sarkin Damagaram, sai dattijon da ke koyar da mu ya ce, "Ɗana, rana na gabanka, shi ya sa fuskokin suka yi duhu. Dawo da la'asar." Na koma, jan ƙasar ganuwar Birni ya fito kamar a taɓa. A hawan Sallah aka koya mini bin doki da kyamara yana gudu, kuma a Kasuwar Dole ba ma ɗaukar mutum sai mun gaishe shi ya yarda.

Ƙorafina ɗaya: kyamara guda ake karɓa-karɓa, sai ka yi sati 3 ba ta zo hannunka ba. Ga ƙurar hunturu, kullum cikin goge gilashi muke. Duk da haka ƙanwata ma na kai ta.