Ƙamus ɗin Merriam-Webster da Gaɓoɓin Kalmar Monocotyledonous

Na gwada ƙamus ɗin Turanci na Merriam-Webster na intanet da kalmar monocotyledonous, wato sifar da masana tsirrai ke bai wa shukar da ƙwayarta ke tsirowa da ganye ɗaya tak, kamar masara ko ciyawa, saɓanin wake wanda yake fitowa da biyu. Tushenta daga Girkanci ne: monos na nufin ɗaya, kotyle kuma ƙoƙo ne. Haruffanta 16, gaɓoɓinta 7, kuma duk mai son ya furta ta daidai sai ya san inda murya ke yin nauyi.

A nan ƙamus ɗin ya yi abin a yaba. Yana rubuta lafazin gaɓa bayan gaɓa, ya sa alama a gaban ta biyar domin nuna cewa ita ce mai nauyi, sannan mutum yana iya taɓa hoton lasifika ya ji murya kyauta. Abin da kunne ke ji ya yi kusa da ma-na-ka-ta-LII-da-nas. Mai karatun da ya saba cika kowane wasali kamar yadda aka rubuta shi zai yi mamakin yadda wasulan gaɓoɓi marasa nauyi suka dushe, har harafin y ɗin tsakiya ya kusa ɓacewa.

Sai dai akwai wurin da mai koyo zai iya yin tuntuɓe. Ɗige-ɗigen da ake sawa a cikin kalmar da ke saman shafi ba gaɓoɓin furuci suke ƙirgawa ba, suna nuna wuraren da marubuci zai iya yanke kalma ne idan sadara ta ƙare. Shi ya sa kalmar about ba ta da ɗigo ko ɗaya, alhali gaɓa biyu gare ta, domin ba a barin harafi ɗaya shi kaɗai a ƙarshen sadara. Wanda ke son adadin gaɓoɓi sai ya ƙirga su a layin lafazi.

Kamfanin yana Springfield ne a Amurka, saboda haka lafazin Amurkawa yake bayarwa, da alamomin da ya tsara wa kansa. Ɗalibin da za a yi wa jarrabawa da lafazin Ingila zai ji gaɓar farko da ta uku suna karkata zuwa o a can, don haka ya dace ya haɗa da wani ƙamus.