Snipping Tool ko ShareX: wanne ya fi dacewa da ɗaukar hoton allo?

Mai kwamfutar Windows ba sai ya sauko da komai ba, Snipping Tool na nan a cikinta tun daga kamfani. Ka danna maɓallan Windows da Shift da S lokaci guda, ka ja linzami kan inda kake so, shi ke nan. Ana iya yin zane a kai da alƙalami ko a yanke gefe, kuma tun 2023 ta Windows 11 ta fara ɗaukar bidiyon allo.

ShareX kuwa kyauta ce, amma sai an sauko da ita, kuma ranar farko yawan maɓallanta kan rikita mutum. Idan hannu ya saba, nan ake ganin bambanci. Tana ɗauke dogon shafi tun daga sama har ƙasa a hoto ɗaya, tana jera lambobi 1, 2, 3 a kan hoto don nuna matakai, tana dusashe lambar asusu ko suna kafin a tura. Malamin da ke koya wa ɗalibai cike fom a intanet zai ji daɗin wannan. Bidiyo ma tana mayar da shi GIF, wato hoto mai motsi.

Sai dai a kula, ShareX na iya loda hoto a intanet da kanta, don haka a duba saitin tun farko. Ni dai don tura rasit ɗaya a WhatsApp, Snipping Tool ta ishe ni.