Ƙamus ɗin Oxford na Ɗalibai: Gwaji da Kalmomin Mutum Mai Shiru-shiru

Hanya mafi sauƙi ta gane ingancin ƙamus ita ce a ba shi kalmomin da suka yi kama da juna, a ga ko zai iya raba su. Oxford Advanced Learner's Dictionary, wanda A. S. Hornby ya assasa, ya fara fitowa a 1948, bugu na goma kuma a 2020. Ana samunsa a shagunan littattafai na Sabon Gari. An gwada shi a nan da kalmomin da ake siffanta wanda ba ya yawan magana.

A Hausa muna da shiru-shiru, miskili, mai zurfin ciki, mai kawaici, mai kunya, kuma kowane Bakano ya san wanne ne yabo, wanne ne suka. Matsalar ɗalibi ita ce bai san hakan a Turanci ba, kuma a nan ne ƙamus ɗin ya ci kuɗinsa. Duba taciturn: ya nuna kalma ce ta rubutun hukuma da na ilimi, sannan ya ce shirun mutumin yana kama da rashin sakin fuska. Wato miskili. Malamin da ya sa ta a takardar shaidar ɗalibinsa da nufin yabo, ya yi masa illa bai sani ba. Abin da yake nema shi ne quiet ko reserved, wanda ya fi kusa da kawaici da kamun kai. Reticent kuwa zurfin ciki ne, kuma ƙamus ɗin ya nuna cewa about ke bin ta, domin a kan wani batu mutum yake ƙin buɗe baki. Laconic yana magana, sai dai a taƙaice. Withdrawn ya janye jikinsa daga mutane, sau da yawa saboda damuwa. Aloof ya fi kusa da shan ƙamshi.

Alamar maɓalli da ke gefen wasu kalmomi tana nuna waɗanda aka fi bukata. Quiet tana da ita, taciturn ba ta da ita: ta farko ta hira ce, ta biyun a tanade ta don tambayoyin JAMB na ma'ana mafi kusa da kishiya, inda za a iya haɗa ta da talkative ko garrulous. Lafazi ma an rubuta shi, na Ingila da na Amurka. Harafin c na taciturn da reticent, s ake furta shi, ba k ba. Ya kuma yi gargaɗi a kan dumb, cewa cin fuska ne a kira bebe da ita, balle mai shiru-shiru.

Inda ya gaza a fili yake. Babu Hausa ko kalma ɗaya, don haka ɗan aji ɗaya na sakandare zai sha wuya. Kuma ba zai gaya maka cewa shy ba ita ce kunyarmu ba. Shy ɗari-ɗari ne da mutane. Kunyar da amarya ke yi wa surukanta tarbiyya ce. Wannan sai malami, ko ƙamus na Turanci zuwa Hausa a gefe.

A kula wajen saye, don jabu ya yi yawa a kasuwa. Ɗaga shafi ɗaya a haske: idan rubutun baya ya hana ka karanta na gaba, ajiye shi. Bi lambobin shafuka a tsakiya, nan ne ake tsallake ko a maimaita. Buɗe shi sosai ka duba ɗaurin, domin gam ɗin jabu ba ya jure zafin Kano, kafin zango ya ƙare shafuka sun fara zubewa. Wanda kuɗinsa bai kai na asali ba, shafin intanet na ƙamus ɗin kyauta ne, har da muryar da za ta furta masa kalmar ya ji.