Hasumiyar Agadas ko raƙuman dawan Kure?

Idan baƙo ya sauka Yamai ya ce a zaɓa masa wuri ɗaya da zai gani a Nijar, gardama kan tashi: wasu su ce Kure, wasu su ce Agadas.

Kure dai ga ta nan kusa, wajen kilomita 60 kan hanyar Doso, ka fita da safe ka dawo kafin la'asar. Yankin ne mafakar raƙuman dawan Afirka ta Yamma da suka rage. A 1996 ba su wuce 50 ba, yanzu sun haura 600. Ba shinge, ba keji. Da rani sai ka ga ɗaya ya miƙa wuya yana tsinkar ganyen gawo a tsakiyar gona, makiyayi na kora awakinsa ta gefe, ko kallonsa ba ya yi. Amma tun harin da 'yan bindiga suka kai wa masu ziyara a yankin a 2020, sai an tambayi halin tsaro kafin a kama hanya.

Agadas kuwa sai da shiri. Tafiyar ta fi kilomita 900, ta Konni da Tawa, kuma hanyar ba ta tausayin ƙugu. Ladan wahalar shi ne hasumiyar babban masallaci: mita 27 na laka, itatuwa sun leƙo daga jikinta, su magina ke takawa lokacin yaɓe. An gina ta wajen 1515, aka sabunta ta a 1844, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013.

Ni Agadas nake sawa a gaba. Raƙumin dawa yana da dangi a Kenya, hasumiyar laka mai wannan tsawo kuwa babu ta biyu. Wanda kwanansa biyu kacal a Yamai, ya nufi Kure.