Na kalli Mignonnes, fim ɗin da aka yi ta tsine wa

A watan Agusta na 2020 ƙanwata ta turo min wani hoto a WhatsApp, ta rubuta a ƙasansa: "Yaya, ki ga inda duniya ta kai mu." 'Yan mata ne huɗu, yara ƙanana, sanye da 'yan guntayen kaya, kowacce ta gantsare irin ta manyan mata marasa kamun kai. Hoton tallar fim ne da Netflix ya saki. Na yi a'uziyya na goge shi, na kuma bi sahun masu Allah wadai ba tare da na ga ko minti ɗaya na fim ɗin ba.

Sai bayan watanni, da ƙura ta lafa, na ji cewa wadda ta shirya shi Musulma ce, Maimouna Doucouré, haifaffiyar Faris, iyayenta 'yan Senegal. Wannan ne ya tsaya min a rai. Wani dare da yara suka yi barci na rufe ƙofa, na sa abin ji a kunne, na kalle shi. Minti 96 ne. Sunansa na Faransanci Mignonnes, a Turance kuma Cuties.

Labarin Amy ne, wato Aminata, 'yar shekara 11, wadda ke zaune da mahaifiyarta Mariam da ƙannenta biyu a wata unguwar talakawa a Faris. A gidan akwai ɗaki ɗaya da aka kulle, an hana yara shiga. Ashe ɗakin amarya ne. Uban ya tafi Senegal, zai dawo da mata ta biyu.

Akwai wuri ɗaya da har yau bai bar ni ba. Amy ta ɓuya a ƙarƙashin gado, uwarta ta shigo ba ta san tana nan ba. Ba a nuna mana fuskar uwar, ƙafafunta kawai muke gani, kamar yadda yarinyar ke gani. Ta ɗauki waya tana sanar da dangi cewa maigida ya ƙara aure, da murya mai daɗi, har da sa albarka. Tana ajiye wayar sai ta fashe da kuka, tana marin fuskarta da kanta don ta danne. Yarinya tana ƙasa, hawaye na zuba, ba halin motsi. Duk wadda ta tashi a gidan da aka yi wa uwarta kishiya ta san wannan muryar ta waya. Ni na san ta. Na tsayar da fim ɗin a nan na ɗan zauna shiru.

Daga nan ne Amy ta fara neman inda za ta tsere. Ta ga maƙwabciyarsu Angelica tana rawa a ɗakin wanki, ta liƙe wa ƙungiyarsu ta 'yan rawa, ta saci wayar wani ɗan uwanta, ta shiga kallon bidiyon rawar batsa har a wajen wa'azin mata, ta lulluɓe wayar cikin mayafi. Ita ce ma ta koya wa sauran irin rawar da ta jawo duk wannan rigima. Yaran ba su san ma'anar abin da suke yi ba, kuma fim ɗin ya nuna haka sarai: yanzu suna kwaikwayon karuwai, an jima suna rububin alewa a kan gado.

To a nan ne ni da mai fim ɗin muka raba hanya. Na yarda da abin da take son faɗa. Ta bayyana cewa ta shafe fiye da shekara tana hira da 'yan mata masu wannan shekarun kafin ta rubuta labarin, kuma wata rawa da ta ga yara suna yi a wani taron unguwa ce ta tayar mata da hankali. Amma idan aka zo wajen rawar, kyamara ba ta da kunya ko kaɗan. Tana matsowa kusa, tana daɗewa a inda bai kamata ta daɗe ba. An ce da gangan aka yi, don mai kallo ya ji ƙyama. Na ji ƙyamar kuwa, sau uku ina turawa gaba. Sai dai waɗannan yara na gaske ne, jikinsu ne, kuma wanda ya yanko wannan ɓangaren ya watsa a intanet bai yanko da darasin ba. Mace da ta iya nuna min baƙin cikin uwa da ƙafafu kawai, ta iya nuna min munin rawar nan da fuskokin 'yan kallo. Ai ta yi hakan a gasar ƙarshe, inda wata uwa ke rufe wa 'yarta ido, jama'a na ihun ƙin yarda. Wannan ya isa.

Abin mamaki shi ne yadda fim ɗaya ya zama biyu. A watan Janairu na 2020 an nuna shi a bikin finafinai na Sundance a Amurka, Doucouré ta ci kyautar ba da umarni. Ya fito a sinimomin Faransa ranar 19 ga Agusta ba wata hayaniya, da hoton talla na yara suna tsalle riƙe da jakunkunan sayayya. Hoton Netflix ne ya kunna wutar. Kamfanin ya ba da haƙuri ya janye hoton, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Da ya saki fim ɗin ranar 9 ga Satumba, sai kiran a ƙaurace wa Netflix ya cika Twitter. Sanata Ted Cruz na Amurka ya nemi ma'aikatar shari'a ta yi bincike, aka shigar da tuhuma a kan Netflix a wata ƙaramar hukuma ta jihar Texas, hukumar kula da kafafen yaɗa labarai ta Turkiyya ta sa aka cire shi a ƙasarta. Ita kuwa Doucouré har barazanar kisa ta sha. A ɗaya gefen, yawancin masu sharhin finafinai yabo suka yi, ministar al'adu ta Faransa ta lokacin, Roselyne Bachelot, ta kare shi, kuma a 2021 Fathia Youssouf, wadda ta fito a Amy, ta ci kyautar César, babbar kyautar finafinai ta Faransa, a rukunin sabuwar tauraruwa. Ta cancanta, yarinyar da ido take magana.

Masu tsinuwa da yawa ba su kalla ba, kamar ni a farko. Masu yabo kuma na ga sun yi saurin ɗaukar duk mai ƙorafi a matsayin jahili, alhali uwa ba ta buƙatar digiri kafin ta ce wannan kusancin ya yi yawa. Duka ɓangarorin sun bar Mariam a baya, ita da fim ɗin ya tsayu a kanta.

Na shiga da fargabar za a ci mutuncin addini. Akwai wata gwaggo mai tsauri a fim ɗin (Mbissine Thérèse Diop ce, tsohuwar 'yar wasan Senegal tun shekarun 1960) wadda ba ta san komai ba sai "mace ta yi biyayya", har da yayyafa wa Amy ruwa don a kori aljani. Amma malamin da aka kira ya duba yarinyar ya ce babu wani aljani a jikinta, ya juya ga uwar ya nuna mata cewa in nauyin auren ya fi ƙarfinta tana da haƙƙin fita. Ban zaci haka ba. Ranar ɗaurin aure ma uwar ce ta tare wa 'yarta faɗan gwaggo, ta ce ba dole sai ta halarta ba. Amy ta bar shuɗiyar rigar biki da kayan rawa a kan gado, ta sa wando da riga, ta fita tsallen igiya.

Da safe na kira ƙanwata na ba ta labari. Ta ce, "To Yaya, yanzu cewa kike in kalla?" Na ce in za ta kalla, ita kaɗai, ba da yara a kusa ba, kuma ta riƙe rimot a hannu. Ta ce ita dai ta yafe, amma in sake ba ta labarin wurin gadon nan.